Mun koya masa tuƙi, ba mu koya masa inda zai je ba

Ranar da Abba ya shigo gida da lasin tuƙinsa a hannu, har guɗa aka rangaɗa. Abba ɗan yayana ne marigayi, sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa babu mai kama sunansa a gidan, daga ni har uwarsa. Ya cika shekara 18 a damunar 2024, wato shekarun da doka ta yarda mutum ya riƙe lasi a Nijeriya, kuma tun kafin ranar ta zo yake lissafa ta kamar mai jiran ganin watan Sallah. Ban da 'yar makarantar koyon tuƙi da ya je don cika ƙa'ida, ni na koya masa mota. Wata huɗu muka yi muna fita bayan la'asar zuwa wani fili da ke bayan unguwarmu a nan Birniwa, ina gefensa ina ta faɗa: saki kuloci a hankali, dubi madubi, daina kallon giya, ka kalli hanya.

Motar kuwa tsohuwar Golf ce wadda yayana ya yi shekara da shekaru yana jigila da ita tsakanin Haɗeja da Birniwa da Nguru. Da ita ya ciyar da iyalinsa, da ita ya biya mini kuɗin makaranta. Bayan rasuwarsa a 2021, da aka raba gado, sai ta faɗo a kason Abba. Shekara uku ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gida lulluɓe da tamfol, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Dillalai sun zo sun fi a ƙirga, amma Yaya, kamar yadda nake kiran matar yayan nawa, ta ce a bar wa yaro kayansa har ya girma.

Ni dai a tunanina na gama aikina. Yaro ya iya tayar da mota a kan tudu ba ta zame da baya ba, ya iya ribas, ya iya canza taya, ya san ya duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ya murza makulli. To me ya rage? Ashe babban karatun ma ba mu buɗe shafinsa ba.

Kwana goma sha biyu da karɓar lasin, ranar wata Asabar, ya ce wa uwarsa zai je ya dawo. Bai dawo ba sai sha ɗaya da rabi na dare. Wayarsa a kashe. Yaya ta aika aka kira ni, na same ta a tsakar gida a kan sallaya da carbi a hannu, ko gaisuwata ba ta iya amsawa ba. Duk wanda ya san yadda hanya ke cin matasa a ƙasar nan, musamman ranakun biki da yara ke wasan mota a bayan ayarin amarya, ya san abin da ke cikin zuciyar uwa a irin wannan dare. Can dai muka ji ƙugin Golf. Ta shigo da madubin gefe ɗaya yana reto, allurar mai kuma ta kwanta luf.

Washegari labari ya fito. Abokai shida ya loda a motar da kujerunta biyar ne har da ta direba, suka nufi Haɗeja. Suka je wani wurin cin kaji da busa shisha, irin wuraren nan masu fitilu ja da kore. Aka ci aka sha, da aka kawo lissafi sai kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, domin a dokar samari wai mai mota shi ne mai kuɗi. Da kuɗin da aka tara masa na rajistar jarrabawar shiga jami'a ya biya. Man da suka ƙona kuma bashi ya ciwo wurin wani mai shago da sunan uwarsa. Mai karatu ya tuna cewa tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Abin da yaron nan ya kashe a dare ɗaya ya fi cefanen gidan na mako biyu.

Yaya ta jefa makullin a adakarta ta kulle, ta ce in nemo dillali. Ta ce, "Na ga gawar ubansa, ba zan zauna a kawo mini tasa ba."

Na kira shi zaure, na zo da faɗa cike da baki. Na ce, "Abba, me ya kai ka?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Baffa, to ina za ni? Kun koya mini mota, na iya. A Birniwa akwai wani wurin zuwa ne? Su ne suka ce sun san wuri."

Wallahi faɗan nan a maƙogwaro ya tsaya mini. Ba wai na wanke shi ba ne, laifi kam ya yi. Amma na ga nawa laifin tsaye kusa da nasa. Mun damƙa wa yaro mota, mun koya masa yadda ake tafiya da ita, ba mu taɓa zama mun nuna masa inda ake zuwa ba. Yaron da ke da makulli a aljihu kuma ba shi da wurin zuwa, abokai ne za su zaɓa masa, su kuwa abin da zai yi musu daɗi za su zaɓa, tunda ba aljihunsu zai yi kuka ba.

Kuma ina Abba ya samo tunanin cewa fita shaƙatawa sai inda ake biyan kuɗi? A nan dole in taɓa mu masu son fim da littafi. Mu da muka yi samartaka a zamanin Sangaya da Wasila, muna cin kwakwar shiga gidan kallo, muna karɓar hayar littattafan soyayya muna ɓoyewa a cikin littafin lissafi, me muka taso muna gani? Saurayi ya faka mota, ya buɗe wa budurwa ƙofa, sai lambu mai furanni, sai babban kanti, sai askirim. Ba na zargin kowa, ni ma har gobe ina kallo. Amma a hankali aka dasa mana cewa jin daɗi yana can cikin birni, kuma da kuɗi ake sayensa, garinmu kuwa wurin kwana ne kawai. Yaran yau ga waya ta ƙara musu, kullum suna ganin sa'o'insu a manyan kantunan Kano da Abuja suna ɗaukar hoto.

Na koma wurin Yaya na durƙusa. Na ce ta ba ni aron makullin na Asabar huɗu, in bayan nan ba ta ga canji ba, ni da kaina zan kai motar kasuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amana na ba ka."

Sharuɗɗan da na gindaya masa ba su da yawa. Shi zai yi tuƙi, ni ba zan taɓa sitiyari ba. Duk fita ba za mu kashe fiye da naira 3,000 a kan ci da sha ba. Kafin mu tashi zai lissafa litar da tafiyar za ta ci, ya rubuta a ɗan littafi, in mun dawo mu duba ko ya canka. Waya a aljihu muddin inji na aiki. Magariba a gida za ta same mu. Sai kuma ɗaura bel, wanda ya yi ta gunaguni a kai wai ai babu jami'an kiyaye haɗurra a hanyar ƙauye. Na ce masa hukumar nan tun 1988 aka kafa ta, marubuci ma aka fara ba shugabancinta, wato Wole Soyinka, amma ba don ita ake ɗaura bel ba, don gilashin gaban nan ne da ba ya tausayin goshi.

Asabar ta farko

Na ce ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta nan cikin gari. Ya dube ni ya ga ko wasa nake. Tafiyar ko rabin lita ba ta ci ba. Da muka isa babu jirgi babu alamarsa, sai awaki a kan dogo da yara masu wasan langa. Ya ce, "Baffa, wannan ai kango ne."

Na sa shi ya yi ta gwada faka mota da baya tsakanin bishiyoyi biyu har sau biyar, sannan muka zauna a bencin wani mai shayi da ke kusa, aka haɗa mana kofi biyu da burodi. Na shiga ba shi labari. Wannan dogon da yake rainawa shi ne layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya ratso ta nan. Ta kansa gyaɗa da fatu da shanu da ƙaro suka riƙa tafiya Kano, daga can su wuce bakin teku. Kafin kwalta ta yi ƙarfi, jirgi shi ne agogon garin, shi ne kasuwa, shi ne gidan rediyo.

Yana saurare ne kawai don ladabi, har sai da wani dattijo da ke gefen benci ya ƙura masa ido ya ce, "Kai yaro, ba ɗan wane direba ba ne?" Ya ce shi ne. Dattijon ya yi wa mamacin addu'a, ya ce, "Ai nan wurin ubanka ya fara neman kuɗi. Yana ɗan ƙanƙani yake tallar ruwa da rake in jirgi ya tsaya, ya bi taga-taga da gudu. Wata rana jirgi ya tashi da canjin wata mata a hannunsa, ya bi shi da gudu har ya cilla mata ta taga, ya faɗi ya fasa gwiwa." Abba ya ajiye kofi. Ya san tabon nan na gwiwar ubansa, amma bai taɓa sanin inda ya samo shi ba. Ni kaina na manta da labarin. Sai da aka kira la'asar sannan na iya ɓamɓare shi daga wurin tsohon nan. A hanyar gida bai ce uffan ba. Ranar naira 1,400 muka kashe, har da shayin da muka saya wa dattijon.

Asabar ta biyu

Sanyi ya kankama, ga hazo, watan Disamba ke nan. Na ce yau fadama muka nufa, kudu da mu, wajen ƙasar Kirikasamma. Mu mutanen Birniwa 'yan tudu ne, gero da riɗi da wake da kankana muka sani, shi ya sa yaranmu da yawa suke girma ba su san cewa 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninsu da ɗaya daga cikin manyan dausayoyin Afirka ta Yamma ba.

Da muka sauka daga kwalta muka ɗauki hanyar amalanke, na gaya masa dokar yashi: ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai wa daida, kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka tsaya a inda rairayi ya yi laushi. Ya ce ya gane. Ba a yi minti goma ba wata tunkiya ta gifta, ya danna birki, Golf ta kafe. Ya shiga ba ta wuta, tayoyin gaba suna ta haƙa wa kansu rami. Na ce, "Kashe ta. In mota ta kafe, ƙara mata wuta ƙara binne ta ne." Na koma inuwar goruba na zauna abina. Ya ce, "Baffa, ba za ka taimaka ba?" Na ce ai sharaɗi ne, ni fasinja ne.

Shi ya tone yashin gaban tayoyi da hannunsa, ya rage musu iska kaɗan don su ƙara faɗi, ya saro kaba ya shimfiɗa a ƙarƙashinsu. Da ya ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, dole ya tafi wurin wasu masu aikin lambu ya yi sallama, ya gaishe su yadda ya kamata, ya roƙi taimako. Mutum huɗu suka zo suka tura, ko sisi suka ƙi karɓa, har ɗaya ya bi mu da tumatir a hularsa. Na ga yadda Abba ya riƙa jujjuya wannan abu a ransa, domin bai daɗe da ganin waɗanda ya ciyar da kaji sun watse sun bar shi da lissafi ba.

Da muka isa bakin ruwa kuwa, sai ya manta da ni gaba ɗaya. Kirinjijiya garke-garke, ga ɗinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbela fari fat a bayan shanu, sannan ga wasu ƙananan tsuntsaye dubbai da ke tashi lokaci guda su juya kamar hayaƙi. Na ce masa da yawa daga cikin waɗannan baƙi ne, daga Turai suke tasowa in sanyin can ya tsananta, su ƙetare teku da Sahara su sauka a nan, in zafi ya fara su koma. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, dausayin Baturiya na nan Jigawa kuma ya shiga a 2008. Ya ce, "Wato su daga Turai suke zuwa nan, mu kuma muna neman hanyar gudu?" Na ce ni dai ban ce ba.

Wani masunci ya fito da kwale-kwalensa, muka sayi karfasa huɗu, ya hura mana wuta da karan dawa, muka gasa da ɗan gishiri da yajin da na ƙunso daga gida. Muna ci yana ba mu labarin ruwa. Ya nuna mana ciyawar nan da muke kira kacala, ta yi duhu ta fi tsayin mutum, ya ce wurin nan da can hanyar jirginsa ce. Na ƙara wa Abba bayani gwargwadon sanina: Kogin Haɗeja daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa yake, ya zo ya bazu a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sauransa ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, sai zuwan ruwan ya canza. Hanyoyin da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwana a gonar da ba a so, ya ƙi zuwa inda ake jiransa. Cikinta kuma jan-baki ke kwana, su fito da safe su far wa shinkafa da gero. Masuncin ya ce ambaliyar 2022 har ɗakin kwanansa ta ci.

Abba ya ciro waya ya yi ta ɗaukar hoto. Da daddare na ga ya sa a Facebook, wani abokinsa ya rubuta a ƙasa yana tambaya wai wace ƙasa ce wannan.

Asabar ta uku

Ranar na mayar da shi Haɗeja da gangan, garin da ya yi ɓarnar. Tuƙin cikin gari wani karatu ne daban: ga 'yan acaɓa masu ɓullowa ta inda ba ka zata ba, ga masu A Daidaita Sahu, ga amalanken shanu, ga almajirai. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin da ake yi. A hanya mun tarar da wata motar kaya ta kwanta a gefen titi, jama'a sun yi cincirindo, ya rage gudu yana leƙe. Na ce ya wuce. Na tuna masa da abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka taru, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. In ba ceton rai za ka yi ba, kuma ka ga akwai masu yi, taron gefen hanya ba wurin kallo ba ne.

Da muka shiga gari na ce ya nemi inuwa ya ajiye motar, sauran yawon da ƙafa za mu yi. Ya ce to meye amfanin motar? Na ce amfaninta ta kawo ka. Wanda ke zagaya gari a mota yana ƙona mai don a gan shi, shi ba ya ganin komai.

Muka taka har ƙofar fada, na ba shi labarin Afrilun 1906, lokacin da sojojin Turawa suka far wa garin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jama'arsa da dama, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Na ce in Sallah ta zo ya dawo ya ga hawa, kallon da babu mai karɓar ko kwabo a kansa. Muka bi ta cikin tsofaffin unguwanni, muka tsaya wurin maƙera da dukawa, muka leƙa kasuwar kifi inda ake loda kwandunan bandar tarwaɗa a manyan motoci zuwa Kudu. Muka sayi gurasa da tsire, muka zauna a benci muka ci.

Muna nan wayarsa ta yi ƙara. Mutanensa ne, sun ji labarin makulli ya fito. Na kau da kai kamar ba na ji. Na ji yana cewa, "Gobe ba zai yiwu ba. Amma in kuna so wani satin mu je fadama, mutum huɗu kawai, kowa ya kawo kuɗin lita ɗaya da abin da zai ci." Aka yi wata magana a can, ya ce, "To shi ke nan," ya kashe. Na ce me suka ce? Ya ce, "Wai na zama ɗan ƙauye." Ya yi dariya, amma na ga abin ya sosa masa rai. Ban ba shi haƙuri ba, domin irin wannan ciwon gara mutum ya ji shi da wuri. Daga cikin shidan nan, biyu ne suka sake kiransa daga baya suka ce sun yarda da karo-karon.

Asabar ta huɗu

Na ce masa wannan karon shi zai zaɓi wuri, ni bi kawai zan yi. Da na iso gidan da hantsi, na tarar ya wanke mota tas, ya ɗaure madubin nan da ya karya, wanda ya gyara da kuɗin da ya samu a ɗaukar buhunan riɗi. Sai na ga ya shiga ɗakin uwarsa ya daɗe. Yaya fa tun ranar da aka dawo da mijinta daga asibiti a cikin motar nan ba ta ƙara shigarta ba. In za ta unguwa gara ta hau ta haya. Ban san abin da ya gaya mata ba. Na dai ga ta fito da mayafi, ƙanwarsa na biye da ita da kwanon dambu da tabarma.

Ya buɗe mata baya, ta tsaya ta dafa ƙofar kamar za ta fasa, sannan ta yi bisimilla ta shiga. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane. Tafiyar da ya yi ranar, ko ƙwai aka ɗora a kan bonet ba zai faɗo ba. Wurin yashin nan ya sa giya ta biyu ya ratsa bai ko girgiza mu ba.

Bakin ruwan nan ya kai mu. Aka shimfiɗa tabarma, masuncin ya gane shi, har da ce masa "direba". Yaya ta zauna tana kallon tsuntsaye ba ta magana. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Farkon aurenmu ya taɓa kawo ni irin wurin nan a kan keke." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce a zuba dambu kada ya huce.

Mun shigo gari ana kiran magariba. Da ya kashe mota ya miƙa mata makulli kamar yadda aka saba duk Asabar. Ta dube shi, ta ce, "Riƙe. Amma duk inda za ka, ka faɗa mini wurin da sunansa, ba 'zan je in dawo' ba."

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce daga ranar Abba ya zama waliyyi ba. Bayan wata biyu ya goga wa motar katangar maƙwabta. Sau ɗaya ya wuce magariba, aka karɓe makulli na mako guda. Har yanzu burinsa ya tuƙa kansa zuwa Kano ya ga manyan kantunan nan da idonsa, kuma na yi masa alkawarin zan raka shi in hannunsa ya ƙara faɗawa, don ba haramun ba ne. Bambancin dai shi ne yanzu yana da wuraren da yake kira nasa. Ɗan littafin lissafin man nan ya cika, ya sayi wani, bayansa kuma ya jera sunayen wurare: wata ruga da ake dama fura da nono mai kyau, wani gidan kallon ƙwallo mai arha, wani tudun yashi da ake hango faɗuwar rana, wanda ni da aka haifa a garin nan ban san da shi ba sai da ya kai ni. Bashin mai shago ya biya da guminsa, kuɗin jarrabawa kuma muka sake haɗawa.

Akwai tambaya guda da har yau ban amsa ba. A hanyarmu ta dawowa ranar nan, ƙanwar tasa, 'yar shekara 15, ta ce, "Baffa, ni in na kai sha takwas wa zai koya mini? Kuma ni ina za ni?" Teburin mai shayi da gidan ƙwallo da benci a tasha duk na maza ne. Na ce mata Allah ya kai mu, amma na san ban ba ta amsa ba, kuma shekara uku kamar gobe ne.

Kirana ga iyaye da baffanni da kawunnai shi ne, in kun koya wa yaro mota ko babur, kada ku tsaya a kan kuloci da birki. Ku shiga ku zauna a gefensa, ku bar shi ya ja, ku nuna masa wuraren da za a je a dawo da mutunci da sauran canji a aljihu. Kowane gari yana da irinsu, mu ne muka daina zuwa. Ku kuma 'yan'uwa masu shirya fim da marubuta, don Allah wata rana ku fito da jarumi ya ɗauki jaruma da ƙannenta ya kai su bakin fadama a gasa karfasa. Ku zo Baturiya da kyamara a watan Janairu ku gani, babu wanda zai ce ku biya kuɗin lambu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya kiyaye mu sharrin ƙarfe. Amin.